A Fito da Mai Magani Daga Bayan Taga

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai buɗe mujallar nan ya ga kan wannan magana ya ce, ina gamin kifi da kaska? Mujallar Ƙungiyar Hausa ce, me ya kawo zancen asibiti a cikinta? To, ina roƙonsa ya ɗan yi haƙuri ya bi ni, domin kafin mu rabu zai ga shi kansa yana da kaso a cikin laifin da zan faɗa, ko da kuwa bai taɓa taka ƙofar tsangayar likitoci ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada a ce daga littafi na ɗauko. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, tela ne, ya ba hamsin baya. Shekarun baya ya fara yawan fitsari da ƙishirwa, yana ci yana ramewa, aka kai shi wani babban asibiti aka auna jininsa, aka ce ciwon sukari ne. Likita ya yi nasa aikin, ya rubuta masa ƙwayoyi iri biyu. Ɗaya ita ce metfomin, ɗayar kuma 'yar ƙarama ce mai suna gilibenkilamaid. Kawu ya ɗauki takarda ya bi layi har ya kai ga tagar nan da kowa ya sani, mai ƙarafa kamar ta gidan yari. Hannu ya fito ya karɓi takarda, can an jima hannu ya sake fitowa da ƙunshi biyu, murya ta ce, "Wannan ɗaya da safe, wannan safe da dare. Na gaba!" Iyakar karatun da aka yi wa Kawu ke nan a kan ciwon da zai zauna da shi har ƙarshen ransa.

Bayan wata uku azumi ya kama. Kawu mutum ne mai bin doka, sai ya yi lissafi irin na mai hankali, ya ce ai safiyar mai azumi sahur ce. Ya riƙa shan ƙaramar ƙwayar da asuba, ya kora da koko, ya tafi shago, ga ɗinkin Salla ya taru masa. Ran nan bayan azahar sai gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, ya soma magana wadda ba kai ba gindi, daga nan ya kife a kan keken ɗinki. Maƙwabta suka taru, masu cewa iska ce ta buge shi suna yi, masu neman garwashin turare suna yi. Allah ya kawo wani ma'aikacin jinya da ya zo karɓar ɗinkinsa, ya dube shi ya ce maza a nemo mota. A asibiti aka ɗaura masa ruwan sukari ta jijiya, ba a daɗe ba ya buɗe ido yana tambayar ina almakashinsa. Da na je gaishe shi sai ya ce mini, "Ɗana, ni da aka ce sukari ya yi mini yawa, yaya kuma aka yi da sukari aka ceto ni?"

Amsar tambayar Kawu ba ta fi minti biyar ba, kuma mutumin da ya fi kowa saninta a asibitin shi ne mai hannun da ya miƙo ƙunshin. Ƙaramar ƙwayar nan tilasta wa jiki take yi ya fitar da insulin, watau sinadarin da ke kwashe sukari daga cikin jini, kuma ba ruwanta da ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. In an sha ta da asuba aka kame baki yini guda, sai ta yi ta kwashewa har ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun a azumin shekarar 2001 aka yi wani babban bincike a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi, aka tarar kusan kashi 79 cikin ɗari na masu ciwon sukari irin na manya suna azumtar akalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari a cikinsu takan ninka wajen sau bakwai a watan. Likitocin ciwon sukari da malaman addini sun zauna tare sun fitar da ƙa'idoji a 2016, suka sabunta su a 2021: a sauya irin wannan ƙwaya da mai sauƙin haɗari tun kafin azumi, a mai da babban kaso zuwa buɗa-baki, a gaya wa majinyaci cewa tsira yatsa don auna jini ba ya karya azumi, in kuma awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 to ya sha ruwa nan take. Duk wannan yana cikin kan mai maganin. Amma mun gina masa taga, mun sa masa ƙarfe, mun ce aikinsa ƙirga ƙwaya.

Wane ne ma wannan mutumin? Bahaushe bai raba masa suna ba, duk mai farar riga likita ne a wurinsa, in ya matsa ya ce dispensa, sunan da muka gada tun zamanin Turawa da aka buɗe makarantar horar da su a Zariya. Amma famasis na yau ba dispensan jiya ba ne. Shekara biyar yakan yi a jami'a, yanzu kuma jami'o'i da dama sun koma digirin shekara shida, wanda Jami'ar Benin ta fara a farkon shekarun 2000, kuma an ƙara shekarar ne musamman domin ya koyi zama da majinyaci. A tsawon wannan lokaci karatunsa a kan magani yake: yadda yake shiga jiki, inda yake zuwa, ta inda yake fita, da wanda ba ya shiri da wani. Wanda ya ƙware a wannan ɓangare na zama da majinyaci, yana bin zagayen likitoci gado-gado yana duba takardun magani, shi nake kira famasis na gefen gado. Tun 1966 aka soma gwada haka a hawa na tara na asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. Mu kuwa, a yawancin asibitocinmu, sai mu biya kuɗin karatun mutum shekara shida sa'an nan mu ba shi aikin da yaron kanti zai iya. In wannan ba almubazzaranci ba ne, a gaya mini sunansa.

Dalilin da ya sa na zaɓi ciwon sukari shi ne ba shi da kama da zazzaɓin cizon sauro, wanda za a ba ka maganin kwana uku ka warke ka manta. Ciwo ne na zaman gida. Likita zai gan ka yau, ya ce ka dawo bayan wata uku. A cikin kwana 90 ɗin nan, mai shan irin magungunan Kawu zai kai ƙwaya baki sau 270, shi kaɗai, ba likita ba nas. A nan ake cin yaƙin, a nan ake faɗuwa. Ciwon kuma shiru yake ɓarnarsa, yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa, sai ran da ƙaya ta soki mutum bai ji ba, gyambo ya zauna, a wayi gari ana shawarar inda za a yanke. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ke da shi a duniya, miliyan 24 a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. A Nijeriya ta ce sun kai wajen miliyan 3.6. Likitocinmu kuma kowa ya ga yadda suke ta ficewa Ingila da Saudiyya. Wanda ya rage, in ya zauna da safe ya ga layi har bakin ƙofa, ina ya ga sararin koya wa tsohuwa yadda ake zuƙo allura?

Zancen allura kuwa ya isa a tsaya a kansa. An gano insulin a Toronto a 1921, ga shi an haura shekara ɗari, amma har yanzu ƙananan abubuwa ke kashe masu amfani da shi. Akwai insulin mai ƙarfin 40, akwai mai ƙarfin 100, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin mai 40, ya tsaya daidai kan layin da aka nuna masa, ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Bai saɓa wa kowa ba, ga shi a sume. Sai ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji tsakanin digiri 2 da 8, in ta daskare ta lalace, in rana ta dafa ta ƙarfinta ya ragu. To, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wuta kuma sai an ga dama, me za a ce da mutumin ƙauye? Famasis da ya san inda yake zai tuna masa da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, ya kuma gargaɗe shi kada ya tsoma kwalbar cikin ruwa. Wannan magana ba ta cikin takardar da Bature ya naɗe a kwalin. Ga kuma na'urar awo. Wata tana nuna 126, takardar ɗakin gwaji tana nuna 7, alhali abu ɗaya suke faɗa da ma'auni biyu, ana ninka na biyun sau 18 ne a sami na farkon. Na ga dattijon da ya kwana bai runtsa ba saboda wannan bambancin.

Sa'an nan mai ciwon sukari ba maganin sukari kaɗai yake sha ba. Yana da na hawan jini, yana da na ciwon gwiwa da ya saya a kemis, wata kuma tana shan ƙwayoyin nan na ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa deksametazon ne a ciki, shi kuwa tayar da sukari yake yi. Dikilofenak da ake sha kamar gyaɗa yana wahalar da ƙodar da ciwon ya riga ya raunana, in ƙoda ta yi rauni ƙwarai kuma metfomin ɗin ma dole a rage shi ko a daina. Ba wanda zai gano wannan sai wanda ya ce wa majinyaci, "Baba, gobe ka zo mini da duk abin da kake sha a leda, har da na gargajiya," ya zazzage a kan tebur ya duba ɗaya-ɗaya.

Kada a ce mafarki nake yi, an gwada an gani. A garin Ashbil na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, a 1997, hukumar gari ta ɗauki ma'aikatanta masu ciwon sukari, ba su kai hamsin ba a farko, ta haɗa kowannensu da famasis da aka yi wa horo, su riƙa zama a kai a kai ana duba awo da magani da ƙafa, ta kuma yafe musu kason da suke biya na magani. Da aka buga sakamakon a 2003, sai aka ga awon nan na jini mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku ya gyaru a wurin fiye da rabinsu. Kuɗin sayen magani ya ƙaru, domin mutane sun koma shan maganinsu, amma jimillar kuɗin jinya ta ragu da dala 1,200 zuwa sama a kan kowane mutum a shekara, saboda kwanciya asibiti ta ragu. A Ingila kuma tun 2006 aka yarda famasis da ya yi ƙarin horo ya rubuta magani da kansa. Ban ji an ce likitocin Ingila sun rasa aiki ba.

Na san abin da likitocinmu za su ce, don na sha ji daga bakin abokaina da ke can tsangayarsu. Za su ce majinyaci na likita ne, in aka yi kuskure shi ake tuhuma, kuma in kowa ya zama mai faɗa a ji a ɗakin jinya, rikici za a yi. Akwai gaskiya a ciki, ban ƙi ba. Gano ciwo aikin likita ne, ban ce a ba wani ba. Amma ya ku likitoci, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ce muku, "Wannan tsohon ƙodarsa ta yi rauni, ƙwayar nan za ta daɗe a jikinsa," rufa muku asiri ya yi. Abin takaici, shekara da shekaru ke nan ƙungiyar likitoci da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya suna ja-in-ja a kan wa zai amsa sunan kwansultan, wa zai shugabanci asibiti, wa ya fi wani albashi. A 2018 sai da gamayyar ta yi yajin aiki na kusan mako shida. Ban shiga tsakaninku a kan albashi ba, kowa ya nemi haƙƙinsa. Tambayata ita ce, a cikin duk takardun da ɓangarorin biyu suka yi ta rabawa 'yan jarida, sau nawa aka ambaci ƙafar mai ciwon sukari?

Su ma masu maganin ba zan ƙyale su ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawansu taga ta yi musu daɗi, domin bayan taga ba mai tambayarka abin da ka manta. Wani kuma da ya gama karatu sai ya ba ɗan kasuwa hayar lasisinsa, a rataye a bango cikin gilashi, shi yana wani gari yana karɓar kuɗinsa a shekara, yaron da bai gama sakandare ba shi ke ba da shawara a kan insulin. Wanda ya yi haka da wane baki zai nemi a ba shi kujera a zagayen likitoci? An yi sabuwar dokar hukumar kula da aikinsu a 2022, an kuma rufe shagunan magani na kasuwar Sabon Gari a Kano a 2024 aka ce su koma Dangwauro, duk madalla. Amma sauya wa magani mazauni bai koya wa kowa yadda zai sha shi ba. Ga tsada kuma. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, wasu manyan kamfanonin magani na waje suka naɗe tabarmarsu suka bar wa dillalai, majinyata suka shiga raba ƙwaya biyu, ko sha yau a tsallake gobe, kuma kunya ba ta barinsu su gaya wa likita. Famasis shi ya san wane magani ne mai araha da ke aiki daidai da mai tsada. In bai buɗe baki ya faɗa ba, don ribar mai tsadar ta fi, to, ya san abin da ya zama.

Yanzu na zo kanmu, mu 'yan Ƙungiyar Hausa. Ku je tasha ko bakin kasuwa ku saurari mai maganin gargajiyan nan da ya ɗaura lasifika a kan mota. Ku ji Hausa! Zai kwatanta maka ciwonka har ka ji kamar a ɗakinka ya kwana, ya kawo karin magana, ya ba ka dariya, ya kira ka Alhaji, sa'an nan ya rantse cewa garinsa na kwana bakwai zai raba ka da sukari har abada. Ƙarya yake yi, amma ya tsaya ya yi magana da kai cikin harshenka. Shi kuwa mai ilmin gaskiya, ko an fito da shi daga taga, da me zai yi magana? Karatunsa duka da Turanci ya yi. Bahaushe ya san "sukari ya hau", amma faɗuwar sukari, wadda ta kusa kashe Kawu, ba mu da tsayayyen suna gare ta da kowa zai ji ya gane haɗari ne. Mutanenmu sun ɗauka duk abu mai ɗaci magani ne, zuma ba sukari ba ce, tuwon alkama kuma a ci iya ciki, allurar insulin kuwa alamar an kusa tafiya ce. Waɗannan ba a kawar da su da zane uku a bayan ƙunshin magani. Sai da zance mai shiga kunne, mu kuwa zance shi ne sana'armu. Muna nan muna ta muhawara a kan ko "ilmi" za a rubuta ko "ilimi", shekara ta zagayo mu yi bikin Makon Hausa mu sa babbar riga mu ci tuwo, ba mu taɓa tsallaka titi mun tambayi ɗaliban haɗa magunguna wace kalma ce ta fi ba su wahala in suna gaban majinyaci ba.

Abin da nake nema wurin shugabannin asibitoci bai kai a kira shi buri ba. Ɗaki ɗaya kusa da inda ake ganin masu ciwon sukari, tebur, kujera biyu, da famasis wanda aka ɗauke wa aikin taga a ranar, ya ba kowane majinyaci rubu'in sa'a, ya kuma sami izinin rubuta abin da ya gani a cikin fayil ɗin da likita zai karanta. In watan Sha'aban ya kama, a kira duk mai niyyar azumi a zauna da shi tun kafin a ga wata. Jami'o'in da ke da asibitin koyarwa, irin su Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, suna da malaman da ɗaliban da za su iya wannan, in ma wani ya riga ya fara to a faɗaɗa, a kai shi manyan asibitocin jiha inda talaka ya fi zuwa.

Mu kuma namu ya fi sauƙi. Ina ba Ƙungiya shawara ta rubuta wa ƙungiyar ɗaliban haɗa magunguna takarda a wannan zangon karatu, mu zauna da su da malami ɗaya daga kowane ɓangare, mu fitar da shafi guda tak, da boko da ajami, wanda zai gaya wa mai ciwon sukari alamomin faɗuwar sukari, da abin da zai sha in ya ji su, da abin da na kusa da shi za su yi in ya suma, musamman cewa ba a ɗura wa sumamme abu a baki. Su duba ingancin ilmin, mu duba ingancin Hausar, sa'an nan mu kai wa Kawu da ire-irensa mu karanta musu, duk inda suka ce "me ke nan?" mu koma mu gyara. Na bar takardar sunayen masu son shiga wannan aiki a wurin Sakataren Ƙungiya, nawa ne na farko a kai.